Haƙori mai rami ana cike shi, ba dole sai an cire ba

A garuruwanmu idan haƙori ya hana mutum barci, shawara ɗaya ake ba shi: je ka a cire maka, ka huta. Shi ya sa muke ganin magidanci bai kai shekara 50 ba, amma bakinsa duk giɓi. Tsire ya gagare shi. Goro ma sai an goga masa a marfin gwangwani. Alhali da yawa daga cikin haƙoran nan da aka zubar, da an kai su ga likitan haƙori da wuri, da har yanzu suna nan suna aiki.

Yaro haƙora 20 gare shi, su ne suke faɗuwa wasu su fito. Babban mutum yana da 32. Na babba in ya tafi, ya tafi ke nan.

Me ke huda haƙori?

Ba tsutsa ba ce, ko da yake haka muka ji tun muna yara. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori. Abincinsu sukari ne: na shayi, na alewa, na lemun kwalba. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne yake cinye farin ɓawon haƙori kaɗan kaɗan.

Ɓawon nan ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam, amma ba ya jin zafi. Don haka ramin yake somawa mutum bai sani ba. Aikin gara ne a rumbu: daga waje ƴar kafa ce, ciki kuwa an yi ɓarna. In ramin ya wuce ɓawo, sai ruwan sanyi ya fara tsira wa mutum. In ya kai ga jijiyar da ke tsakiya, nan ne ake kwana zaune. Lokacin da ruwan sanyi ya fara damun ka, lokacin ne gyara ya fi sauƙi, ya kuma fi araha.

Yadda ake cike rami

Likita yakan duba da ƙaramin madubi, wani lokaci ya ɗauki hoton haƙorin don ya ga zurfin ramin. Sai ya yi allurar kashe zafi a dasashi. Sannan ya kankare wurin da ya ruɓe da ƙaramin inji mai fesa ruwa. A da ana koya wa likitoci su faɗaɗa ramin sosai. Yau an bar wannan: ruɓaɓɓen wuri kawai ake cirewa, don duk abin da za a zuba bai kai haƙorin da Allah ya halitta ba.

Abin cikewa iri uku ne aka fi sani. Na farko mai launin azurfa ne, garin ƙarfe da aka kwaɓa da zaiba. Yana da ƙarfi, yana daɗewa a matauni, amma baƙi yake yi, kuma wajen rabinsa zaiba ce. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage amfani da zaiba, saboda tana gurɓata ruwa da ƙasa. Tun daga nan ake ta janye wannan irin. Wanda yake da shi a baki, in bai tsage ba, kada ya ce sai an ƙwaƙule masa.

Na biyu fari ne kamar haƙori. Laushi gare shi kamar ƙullu. Likita yana shafa wa ramin wani magani don ya yi kaushi, ya sa abin liƙi, sannan ya zuba farin kaɗan kaɗan. Kowane zubi kaurinsa ba ya wuce milimita 2. Bayan kowane zubi sai ya haska masa shuɗiyar fitila na ƴan daƙiƙu, nan take ya daskare. Abokin gabansa miyau ne. In miyau ya taɓa wurin kafin a gama, ba zai kama ba, kamar yaɓen da aka yi a kan bango mai ƙura. Shi ya sa likita yake cusa maka auduga a baki, yana cewa kada ka rufe. Ba wulaƙanci ba ne.

Na uku wani siminti ne na musamman, gari da ruwa, wanda yake manne wa haƙori da kansa, yana kuma fitar da sinadarin da ke ƙarfafa shi. Shi ne ya fi dacewa da mu mutanen karkara. A shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, wani likita mutumin Holan mai suna Jo Frencken ya gwada kankare rami da ƴan ƙarafan hannu kawai, babu inji, babu wutar lantarki, ya cike da siminti. Aikin ya yi kyau ga ƙananan ramuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tallata dabarar a 1994. A 2021 kuma ta sa simintin cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

In an gama cikewa, likita zai sa maka wata ƴar takarda mai shuni ka cije. Inda shunin ya fito da yawa, nan ne ya yi tudu, sai ya goge. Ka faɗi gaskiya in ka ji bakinka bai haɗu daidai ba. Tudun da bai kai kaurin gashi biyu ba yana iya hana ka tauna.

Kyau ma yana cikin aikin

Haƙorin gaba ba na tauna ne kawai ba. Da shi ake dariya, da shi ake fitar da waɗansu haruffa. Mun san budurwar da take rufe baki da gyale saboda giɓi, da malamin da ya daina ɗaga murya a aji. Don haka likita yana da wani allo mai ɗauke da ƴan haƙora 16, kowane da launinsa. Yakan kara su kusa da naka, a hasken rana, ya zaɓi wanda ya yi daidai. Mutane da yawa suna cewa a sa musu wanda ya fi fari. Mu dai a ganinmu kuskure ne. Haƙori ɗaya fari fat a tsakiyar bakin mai cin goro, daga nesa ake gane na sawa ne.

Kuma kyau ya danganta da wuri. A littattafan Turawa, tazara tsakanin haƙoran gaba abin gyara ce. A wurinmu wushirya ce, ado ce. Mai wushirya da za a yi wa haƙoran sawa, ya faɗa wa likita tun farko a bar masa abarsa.

Hula da haƙorin Makka

In ramin ya kai jijiya, har yanzu da sauran dabara. Likita yana cire jijiyar da ta mutu, ya wanke cikin saiwar, ya toshe. Aiki ne na zuwa biyu ko uku. Irin wannan haƙori yakan yi saurin fashewa, don haka ake sa masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran. Ana sassaƙe haƙorin kewaye, a auna, a ƙera hular daidai da shi. Duk sirrin yana ga bakin hular: dole ya zauna daram a gindin haƙori, ba tare da kafar da abinci zai shiga ba.

Haƙorin Makka da alhazanmu suke sawa shi ma hula ce. Ba mu ce a daina ba, abin farin ciki ne da shaida. Amma sau da yawa a kan lafiyayyen haƙori ake ɗora shi, cikin gaggawa, ba a auna ba. In bakinsa bai zauna ba, abinci yana taruwa a ƙarƙashi, haƙori ya ruɓe a ɓoye, zinariya tana ƙyalli a sama. Alhaji ko Hajiya da ya ji wari, ko ya ga jini a dasashin wurin, ya je a duba.

In haƙori ya riga ya tafi

Giɓi ba ya zama haka nan. Na kusa suna karkatowa, na sama yana zazzagowa, tauna ta lalace. Abin da ya fi araha shi ne haƙoran roba masu cirewa. Likita yana cika wani ƙaramin faranti da ƙullu, ya danna a bakinka, sawun haƙora ya fito. A zuba farin garin ɗaurin karaya a sawun, a sami bakinka sak. A kan wannan ne mai ƙera haƙora yake jera sababbin cikin kaki, a gwada maka, a gyara, sannan a mayar da kakin roba mai tauri. Akwai kuma dasa ƙusa cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗaura haƙori a kai, aikin da aka fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin a 1965, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu.

Haƙoran roba ana cire su da dare, a wanke da sabulu da buroshi, a ajiye cikin ruwa mai tsabta. Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa su. Bayan ƴan shekaru sukan yi sako-sako, don ƙashin da babu haƙori a kansa yana zaizayewa. Sai a koma a gyara.

Ina ake koyon wannan aiki?

Likitan haƙori yana yin shekara 5 ko 6 a jami'a bayan bakaloriya. Da yawa daga cikin namu a waje suka yi karatu, kamar Dakar da Abijan. Ba a barin ɗalibi ya taɓa bakin mutum a shekarun farko. Kan gunki ake ba shi, mai muƙamuƙi da haƙoran roba, a kafe a jikin tebur. Wani likita na birnin Gilasgo, Oswald Fergus, shi ya ƙirƙiro irin wannan kai a 1894. A kansa ɗalibi yake wuni yana huda yana cikewa. Yana sassaƙa haƙori da kaki har ya san tudu da kwarin kowane matauni. Abin da ya fi ba su wuya shi ne haƙoran sama, don ta cikin madubi ake ganin su, kuma a madubi hannu baibai yake tafiya. Malami yana bi yana aunawa da ƙarfe mai zanen milimita. In rami ya zarce da rabin milimita, a sake.

Sai hannu ya faɗa ake kai ɗalibi ga marasa lafiya, malami yana tsaye. Ba ya wuce mataki ɗaya sai an duba an sa hannu. Ana kuma koya masa dafa kayan aiki cikin tukunyar tururi bayan kowane mutum, don ciwon hanta da SIDA suna bin jini.

To, ku gwada wannan da mai sa haƙori na ranar kasuwa, wanda yake shimfiɗa tabarma da haƙora cikin kwalba. Yana kwaɓa roba ya liƙe sabon haƙori a jikin na kusa, cikin minti 10. Ranar farko abin gwanin kyau. Amma ba ya ciruwa, ba ya wankuwa. Dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙora biyun da aka jingina a kansu su fara girgiɗi. An je cike giɓi ɗaya, an dawo da uku.

Akwai sashen haƙori a manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. Majo na gidan likitar garinku zai ba ku takardar zuwa. In kun je, ku tambayi likita kai tsaye: wannan haƙori zai ciku, ko sai cirewa? Ku tambayi kuɗin kowane. Mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mace mai ciki, su faɗa tun kafin a yi musu allura.