Peter Rufai: Golan da masu kallon ƙwallo a Abuja ba su daina ambato ba

A gidajen kallon ƙwallo na Kubwa da Nyanya, da zarar mai tsaron raga ya yi sake ƙwallo ta wuce shi, sai ka ji wani dattijo ya ambaci Dodo Mayana. Laƙabin Peter Rufai ke nan, golan Super Eagles da ya rasu a Legas ranar 3 ga Yulin 2025 yana da shekara 61.

Shi ya tsare wa Najeriya raga a Tunisiya a 1994, lokacin da ta doke Zambiya da ci 2-1 ta ɗauki Kofin Afirka. A Gasar Kofin Duniya ta shekarar a Amurka, Bulgeriya da Girka sun kasa zura masa ƙwallo ko ɗaya.

Sai dai hirar kan ƙare da takaici. Gidajen da gwamnati ta yi wa tawagar alkawari a 1994, mafi yawan 'yan wasan sai a 2021 aka amince a ba su, bayan Stephen Keshi da Thompson Oliha sun riga mu gidan gaskiya. Roƙon masoya shi ne a riƙa karrama gwarzayen ƙasa tun suna raye.