Rorbu: Bukkokin Masunta Da Suka Zama Masaukin Iyalai A Gaɓar Tekun Norwe

 Yau za mu leƙa can ƙuryar arewacin Turai, tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe. Ƙila kun taɓa cin karo da hoton a Instagram: jajayen ɗakunan katako a tsaye kan dogayen ƙafafu, ruwa a ƙarƙashinsu, dutse a bayansu. Sunansu rorbu. Mutane na kama hayarsu su kwana da iyali maimakon otal ko tanti. Amma wanda bai san dalilin gina su ba zai iya biyan kuɗi ya sha mamaki.

Ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi su ba. Duk shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani babban kifi da suke kira skrei yana gangarowa daga Tekun Barents ya zo Lofoten ya yi ƙwai. A zamanin da, masunta sai su biyo shi daga ko'ina a gaɓar ƙasar, a kwale-kwalen tuƙi da hannu, cikin tsakiyar sanyi. Da can wasunsu kifar da kwale-kwalen suke yi su kwana a ƙarƙashi. Wajajen shekarar 1120 Sarki Øystein ya sa aka gina musu ɗakuna. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, masu zuwa kamun nan sun kai kimanin 30,000 a kaka guda. Shi kansa sunan ya faɗi komai: "ro" tuƙin kwale-kwale, "bu" ɗan mazauni.

Shi ya sa aka kafa su a bakin ruwa, wasu ma a kan ruwan, don masunci ya ɗaure kwale-kwalensa a ƙofar ɗaki. Jan fentin kuma ba gayu ba ne, a wancan zamanin shi ne mafi arha, da man hantar kifi ake haɗa shi. Farin fenti na masu hali ne. Da jiragen kamun kifi masu inji da wurin kwana suka yawaita, sai ɗakunan suka zama kango, daga baya masu su suka gyara suka fara bai wa baƙi haya.

Af, kafin in manta, Najeriya ma na cikin labarin nan. Wannan kifin ne ake ratayewa a kan katakai, ba gishiri, iska ta busar da shi na tsawon watanni. Italiya ke sayen mafi yawan masu kyan, kawunan kuma Najeriya ake kawowa. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan kudu ke kira okporoko, to da yawansa daga can yake. In ka je a farkon bazararsu, warinsa ne zai fara yi maka sannu da zuwa.

To me iyali za su tarar a ciki? Galibi falo ne ɗan ƙarami, ɗakin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa da gado mai hawa biyu, banɗaki, abin ɗumama ɗaki, da kicin mai murhun lantarki da firji da tukwane. Kicin ɗin nan shi ne sirrin. Cin abinci a waje a Norwe tsada ne ba wasa, mutum biyar sau uku a rana zai kwashe aljihu. Mai rorbu sai ya yi cefane ya dafa nasa. A tuna dai yawancin manyan kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi, a yi sayayya tun Asabar. Kuma kamun kifi da ƙugiya a teku ba ya buƙatar lasisi, baƙo ma yana iya jefawa ya samu na miya.

Sai dai kar a ɗauka otal ne. A wurare da dama kuɗin zanen gado da tawul daban ne, haka ma shara: ko ka goge ɗakin kafin ka tafi, ko ka biya. A tambaya tun kafin a biya kuɗin kama ɗaki. A ganina ma, in kwana ɗaya kawai za ka yi, bai cancanci wahalar ba. Ribarsa sai an yi kwana uku ko huɗu a wuri guda.

Wani zai ce ai tanti ya fi arha. Gaskiya ne. Dokar Norwe ta 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a filin da ba gona ba, muddin ya yi nisan mita 150 daga gidan mutane, har kwana biyu. Amma ko a watan Yuli zafin Lofoten yakan tsaya ne a wajajen digiri 12 zuwa 15, ga iska, ga ruwan sama ba sallama. Matashi shi kaɗai zai jure. Uwa mai goyo da jiƙaƙƙun kaya, ba wurin shanya? Haba.

Yanzu ga wurin da nake so masu yara su saurara da kyau. Abin da ya sa ɗakin ya yi kyau a hoto shi ne haɗarinsa. Barandar da yawansu a kan ruwa take, kuma ba kowacce ke da shingen da zai tare yaro ɗan shekara uku ba. Ruwan mai sanyi ne ƙwarai ko da bazara, wanda ya faɗa, numfashinsa na iya sarƙewa nan take ko ya iya iyo. Tekun kuma yana cika ya janye sau biyu a rana, dutsen da yara suka hau da safe zai iya nutsewa da rana, gansakukan da ke kansa kuma santsi gare shi kamar sabulu. Don haka mai ƙananan yara ya nemi ɗakin da ke kan tudu, ko da hoton ba zai kai na wancan ba. In za a shiga ƙaramin jirgi, doka ce ma: jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba, sai an sa rigar kariya yayin da yake tafiya.

Sai batun rana. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa sam. Ƙarfe sha biyun dare gari tangaran, yaro ya ce shi bai yarda dare ya yi ba. A tabbatar akwai labule mai kauri. Maganar lokutan salla kuwa, Musulmin garin Tromsø da ke arewa da nan suna bin lokacin Makka a irin waɗannan watanni, amma kowa ya tuntuɓi malaminsa kafin tafiya. A Disamba abin ya juye, makonni ba a ganin rana.

Zuwan: daga garin Bodø jirgin ruwa mai ɗaukar motoci na kai mutum Moskenes cikin awa uku da wani abu, daga nan ƙauyukan Reine da Hamnøy na kusa. Titin E10 ya ratsa tsibiran ya ƙare a wani ƙauye mai suna harafi ɗaya tak, Å. Yuli ne lokacin cunkoso, ɗakuna kan ƙare tun watanni kafin nan, kuma mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.