Matsayin Harshe a Tsarin Ba da Shawara na Carl Rogers ga Masu Galahanga

A shekarar 1951 ne Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, ya wallafa littafinsa mai suna Client-Centered Therapy. Rogers ya guji kiran mai neman taimako majinyaci, domin a ganinsa mutum shi ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo. Aikin mai ba da shawara shi ne sauraro, da karɓar mutum ba tare da gindaya sharaɗi ba, da maimaita masa ma'anar maganarsa har ya tabbata an fahimce shi.

Sai dai wannan tsari ya dogara ne kan ƙa'idojin zance waɗanda ba kowa ke bin su ba. Da yawa daga cikin masu galahanga, wato otizim, kan ɗauki magana bisa lafazinta. Habaici, ko tambaya mai faɗi irin "yaya kake ji?", na iya ɗaure musu kai, kuma kawar da ido ba alamar ƙin zance ba ce. A 2012 Damian Milton ya yi bayanin cewa rashin fahimtar daga ɓangarorin biyu yake fitowa. Ke nan mai ba da shawara ma sai ya gyara harshensa: ya yi tambaya takamaimiya, ya jira amsa, ya yarda da rubutu in magana ta gagara.

Masu reno ma suna buƙatar irin wannan sauraro. Idan uwa ta ce "yarona ba ya jin magana", jimlar na iya nufin taurin kai, ko kurumta, ko rashin gane abin da aka faɗa. Wajibi ne a tambaye ta wanne take nufi kafin a ba ta shawara.