Tsohuwar tarakta: yaya ake gane darajarta?

Ƴan uwa manoma, tsofaffin taraktoci masu shan gazuwal ba baƙi ba ne a garuruwanmu. Da yawansu sun gama aiki a gonakin Turai, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, daga nan suka kamo hanya. Wasu kuma ta Najeriya suka shigo. Ƙungiyar manoma takan yi shekaru tana tara kuɗi, ko ta ci bashi, domin ta mallaki guda. Ranar ciniki sai mai sayarwa ya ce: wannan irinta ba ta da yawa a duniya, Turawa ma nemanta suke yi. Maganarsa tana iya zama gaskiya. Amma abin da ya sa Bature ke nemanta, shi ne abin da ya kamata ya sa mu yi hattara.

Masu saye iri biyu ne

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin taraktoci. Suna gyara su, su ajiye a rumfa, su fito da su ranar baje koli. Ba noma suke yi da su ba. A wurinsu, in tarakta ta yi wuyar samu, kuɗinta sai ya hau. A shekarar 2022, a wani gwanjo a Amurka, an sayar da tarakta ƙirar Case ta shekarar 1913 a kan dalar Amurka miliyan 1 da dubu 470, wato sama da miliyan 800 na kuɗin sefa. Ba ta gazuwal ba ce, kuma ba wanda zai kai ta gona. Ƙarancinta aka saya, domin ƴan ƙalilan ne suka rage.

Manomi kuwa aiki yake saye. Yana son abin da zai tashi da safe, ya ja garma, ya ɗauko taki, in ya lalace a gyara shi kafin ƙasa ta bushe.

Abin da masu tarawa ke dubawa

Abu na farko shi ne yawan da aka ƙera. A Ingila, wajen shekarar 1958, kamfanin Doe ya riƙa haɗa taraktocin Fordson biyu su zama guda mai inji biyu, ana kiranta Triple-D. Ƴan ɗaruruwa kawai aka yi, shi ya sa take da tsada. Ƙaramar Ferguson mai launin toka kuwa, an ƙera sama da 500.000 a garin Coventry tsakanin 1946 da 1956. Ta tsufa, amma ba ta yi wuyar samu ba. Ashe tsufa kaɗai ba ya kawo tsada.

Abu na biyu shi ne baƙuwar ƙira. Lanz Bulldog ta Jamus, wadda aka fara a 1921, silinda ɗaya gare ta, wato rami ɗaya inda mai ke ƙonewa, kuma sai an gasa kan injin da wuta kafin ta tashi. Field Marshall ta Ingila, daga 1945 zuwa 1957, ana tayar da ita da takarda mai ci da wuta da kuma harsashi marar dalma. John Deere ta farko mai gazuwal, ta shekarar 1949, tana da ƙaramin injin fetur wanda aikinsa tayar da babban injin ne kawai.

Abu na uku shi ne suna. Taraktocin Porsche, waɗanda aka daina ƙerawa a 1963, suna da kasuwa saboda sunan motocin gidan.

Abu na huɗu shi ne asali. Masu tarawa suna duba farantin lamba da ke jikin tarakta, su gwada da lambar inji, su nemi takardunta. Wadda ke da fentinta na farko, ko ya koɗe, takan fi wadda aka shafe da sabon fenti daraja a idonsu.

Wadda ta dace da gonarmu

Mu ɗauka ƙungiyar wani ƙauye ta sayi Field Marshall. Ruwan shuka ya sauka, famfon gazuwal ya tsaya. Ba makaniken da ya taɓa buɗe irinta a Maradi ko Damagaram, ba kantin da ke da kayan gyaranta. Kafin a aika Turai a samo, damana ta yi nisa, bashi kuwa yana nan.

To mu dubi Massey Ferguson 135. An fara ƙera ta a 1964, aka ci gaba har cikin shekarun 1970, a Coventry da kuma Beauvais ta ƙasar Faransa. Injinta na Perkins ne mai silinda uku, ƙarfin doki wajen 45. An yi ta da yawa ƙwarai, ita da babbar ƴar uwarta 165. Bayan haka, kamfanin Millat a Pakistan da kamfanin TAFE a Indiya sun ƙera taraktocin wannan gida bisa izini, da injuna masu kama da nata. Saboda haka kayan gyaranta ba su yanke ba, kuma makanikai da dama sun san cikinta. A wurin manomi, yawanta shi ne darajarta.

Ko a gida ɗaya akwai bambanci. Samfurin 35 na farko, na 1956, yana da injin gazuwal mai silinda huɗu wanda aka sani da taurin tashi. A 1959 aka maye shi da Perkins mai silinda uku. Fenti na iya zama ɗaya, amma injin ba ɗaya ba ne. Mu ƙirga silinda kafin mu ƙirga kuɗi.

Yadda za mu duba ta kafin ciniki

1. Mu tafi da makaniken da muka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba.

2. Mu je da sassafe, mu taɓa inji. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, sai mu dawo gobe. Inji mai lafiya yana tashi a sanyaye ba tare da turi ba.

3. Mu dubi hayaƙi bayan inji ya yi zafi. Shuɗi alama ce ta cewa yana ƙona man inji, ya gaji. Baƙi yana nuna iska ba ta isa ba, ko gazuwal ya yi yawa. Fari da ya ƙi ɗaukewa yana iya zama ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

4. Mu zaro sandar auna mai. In man ya yi kama da madara, ruwa ya gauraya da shi, gyaran kuwa babba ne.

5. Mu ɗaura garma, a ɗaga ta sama, a kashe inji. In ta sauko nan da nan, abin ɗaga kaya yana yoyo.

6. Mu tuƙa ta, mu gwada kowace giya, da birki, da sitiyari. Mu dubi tayoyin baya da kyau, domin sababbi guda biyu kuɗi ne masu yawa.

7. Kada mu dogara da agogon ƙirga awoyin aiki, ana iya canza shi. Matakin birki da ya suɗe ba ya ƙarya.

8. Mu karanta lambar faranti, mu gwada ta da takardun duwan da takardar ciniki. A nan ne karatun da muka koya zai tsare mana dukiya.

Sabon jan fenti ba shaida ba ne. Masu magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lissafin da ke bayan saye

Kuɗin tarakta ba su ƙare ranar ciniki. Akwai gazuwal, da canjin mai, da albashin direba, da gyara. Ƙurar hunturu na cinye inji in ba a wanke matatar iska a kai a kai. Gazuwal mai ruwa ko datti yana kashe famfo, don haka mu tace shi kafin mu zuba.

Mu kuma tambayi kanmu inda za ta yi aiki. A ƙasar laka mai nauyi, kamar fadamun Gulbin Maradi da filayen noman rani na Jiratawa da Birnin Ƙonni, tarakta tana rage wahala. A jigawa kuwa, inda muke shuka hatsi da wake, huɗa mai zurfi tana sassauta rairayi, iska ta kwashe shi. A can shanun huɗa da amalanke sukan fi riba. Mu nemi shawarar malamin gona kafin mu yanke.

Mu kiyaye lafiyarmu

Yawancin tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen da ke kare direba in sun kife. A yi tafiya sannu a bakin kwari da gefen rafi. Sandar da ke juyawa a bayanta tana iya kama babbar riga ko rawani ta naɗe mutum cikin ƙiftawar ido. A rufe ta, kuma a kashe inji kafin a matso kusa. Kada a ɗora yara a kan murfin taya. Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa guba ne.

In wani daga cikinmu yana da tsohuwar tarakta mai baƙuwar ƙira a yashe bayan gida, kada ya yi gaggawar ba da ita ga masu sayen ƙarfe a kilo. Ya rubuta sunanta da lambarta, ya bincika tukuna. In kuwa ta aiki muke nema, mu zaɓi wadda makaniken garinmu ya sani, wadda kayan gyaranta ke kusa. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida. Allah ya ba mu damana mai albarka.