Kayan gado a tsakiyar rigimar siyasa: abubuwan ban mamaki a taƙaice

A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka kai wa Sarkin Asante kayan sarauta na zinariya da azurfa guda 32, waɗanda suka bar Kumasi a zamanin yaƙe-yaƙen Turawa. Sai dai aro ne na shekara 3, domin dokar Ingila ta hana su sakin abin da ke hannunsu. Kamar wanda ya ƙwace maka riga ne ya ara maka ita ka je Idi. Wannan bai yi ba.

Habasha ta fi sa'a. Dogon dutsen Aksum mai nauyin tan 160, wanda sojojin Musolini suka kai Rum a 1937, ya dawo gida a 2005. An raba shi gida 3 kafin jirgin sama ya iya ɗaukarsa.

Tagullan Bini kuwa, da Turawan Ingila suka wawashe a 1897, dawowarsu ta tono wata tambaya: na gwamnati ne ko na fada? Jamus ta fara mayarwa a ƙarshen 2022, a 2023 kuma Shugaba Buhari ya ayyana cewa Oba na Bini ne mai su.

A 2016 kotun duniya da ke Hegu ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 saboda rusa hubbaren waliyyai a Tambutu. Laifin yaƙi aka kira shi, alhali gini ne ya rusa.

A Yamai, titin da a dā ke ɗauke da sunan Bature Janar De Gol ya koma na ɗan ƙasa Djibo Bakary a 2024.

Wanda ya fi ci mini rai na gida ne. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya. A 2024 ɗin ce 'yan sanda suka hana hawan babbar salla saboda rikicin sarauta, a 2025 ma aka sake hanawa. Masu dawaki sun yi kiwo, maɗinka sun gama alkyabba, makaɗa sun ɗaure ganga, yara sun ci ado, babu hawan Daushe babu na Nasarawa. Masu ruwa da tsaki, don Allah a sasanta, a bar dawaki su fito.