Masu Ƙera Akwatin Tace Sauti

A ƙauyen East Farleigh da ke yankin Kent na Ingila, bakin kogin Medway, akwai wani tsohon gidan famfon ruwa da aka mayar masana'anta. Nan kamfanin Chord Electronics, wanda John Franks ya kafa a 1989, yake haɗa kayan sauti na masu hannu da shuni. Cikin abin da suke ƙerawa har da wani akwati mai suna Hugo M Scaler, da ya fito a 2018 a kan fam 3,495. Ba ya ƙara ƙarfin murya, ba shi da lasifika, kuma shi kaɗai ko tari ba ya yi. Lissafi kawai yake yi, kuma a kan lissafin nan ake ta musu har yau.

Ɗanyen kayan wannan sana'a lambobi ne. Tun da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, ana gutsuro sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a adana kowane gutsure a matsayin lamba. In an zo saurare, dole a dinke gutsattsarin nan su koma igiyar sauti guda. Akwatin Chord yana cusa sababbin ɗigo goma sha biyar tsakanin kowane ɗigo biyu, adadin ya koma 705,600, sannan ya miƙa wa na'urar da ke mayar da lamba sauti, wadda 'yan sana'ar ke kira DAC. Bai ƙara ko ƙwayar sauti da ba a ɗauka a situdiyo ba. Cike gurbi yake yi, kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zanen da aka riga aka yi masa.

Gwanin wannan lissafi shi ne Rob Watts, injiniyan da ya shafe shekaru yana zana wa Chord matatan sauti. Kayan aikinsa wata ƙwaƙwalwar lantarki ce da ake kira FPGA, ƙirar kamfanin Xilinx, wadda ke zuwa fayau kamar wankakken allo, sai abin da ka rubuta mata. Kusan kowace DAC, har ta cikin wayarka, tana irin wannan cike gurbi, amma da ɗan gajeren lissafi. Na Watts kuwa, kafin ya ajiye ɗigo ɗaya sai ya bi matakai 1,015,808, yana duba abin da ya wuce da abin da ke tafe. Shi ya sa sautin ke makara da fiye da rabin daƙiƙa, har sai da aka yi wa akwatin maɓalli na masu kallon fim, don kada baki ya riga murya.

Daga nan aiki ya koma hannun masu ƙira. Ana fafe gangar jikin daga dunƙulen alminiyom, a jera ƙananan kaya a kan allon lantarki, a lulluɓe wuraren da ke iya fitar da hayaniya, domin ƙwaƙwalwar da ke lissafi da irin wannan gudu ita kanta tana watsa ƙurar lantarki. Kowane akwati sai an gwada shi kafin ya shiga kwali. Kuɗin ƙarfe da waya ba su ne suka kai farashin can ba. Shekarun da injiniya ya yi yana rubutu yana gogewa ake biya, kuma a kan 'yan tsirarun masu saye ake raba su. Ga rabon dillali, ga na mai shago, ga harajin kaya na kashi 20 cikin ɗari da Ingila ke karɓa. Sana'ar tana da nata tashin hankalin: a Oktoban 2020 gobara ta ci masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, wadda kamfanonin sauti da yawa suka dogara da ita, ga kuma ƙarancin ƙwaƙwalen lantarki da ya addabi duniya a shekarun korona.

Amma babbar wahalar ita ce tambayar da ba ta ƙarewa: ana jin bambanci kuwa? Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi. Lissafin Nyquist da Shannon ya nuna cewa gutsure 44,100 sun isa a maido da duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai sau 22,050 a daƙiƙa ba, alhali kunnen matashi mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa. Sukan ce a rufe wa mai sauraro ido, a daidaita ƙarfin murya, sannan ya faɗi wanne ne wanne. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun yi irin wannan gwaji a Amurka tsakanin sauti mai yawan lambobi da na ma'aunin CD: cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara bincike 18, ya samu an dace da kashi 52.3 cikin ɗari, waɗanda aka horar kuma sun fi haka. Ɗan bambanci ne, amma akwai shi. Sai dai ba don gwada sautin da aka cike wa gurbi daga baya aka tsara waɗannan bincike ba.

Ni dai ban ga dalilin kiran masu sana'ar mayaudara ba. Abin da suka ce akwatin yana yi, yana yin sa, kuma ana iya auna shi. Inda nake ja da baya shi ne ɗakin gwaji na shago, inda mai saye ke kallon farashi da fitilu masu launi kafin kiɗa ya tashi. Wanda ya riga ya ba da zuciyarsa, kunnensa ba ya yi masa gardama. Ga shi kuma mai iya fitar da wannan kuɗi yawanci ya manyanta, siririn sauti ya fara kuɓuce masa. Amsar Watts ita ce ba siririn sauti yake bi ba, lokaci yake bi: daidai ƙiftawar da sanda ta sauka a kan ganga, wadda a ganinsa da ita ƙwaƙwalwa ke gane inda kowane makaɗi yake tsaye. Saboda matsalar ɗakin gwaji na shago, wasu shagunan Ingila kan ba mai saye aron akwatin ya tafi da shi gida na 'yan kwanaki, ya saurara a ɗakinsa, sannan ya dawo da shi ko ya dawo da kuɗi.