Wa Ya Ɗauki Hasarar?

'Yan'uwa, kowace kaka ma'ajin ƙungiya yakan buɗe littafi, a kira sunayen waɗanda suka karɓi iri da takin zamani bashi. Wani ya kawo buhunansa. Wani kuwa ya sunkuyar da kai, gama ruwa ya ɗauke da wuri, dawarsa ba ta yi ido ba. Mun sani ko an yafe masa, bashin bai ɓace ba. Wani ne ya ɗauki hasarar. Daga nan za mu gane ma'anar kafara.

Zunubi bashi ne a gaban Allah, ba kuwa mai iya biya. Allah mai adalci ne, ba ya kau da kai ga mugunta. Mai ƙauna ne kuma, ba ya son mai zunubi ya hallaka. To, yaya za a yi?

Littafin Firistoci sura 16 ya nuna yadda Isra'ilawa suke yi. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga watan 7, akan kawo bunsuru 2. Babban firist ya yanka ɗaya, ya shiga da jinin Wuri Mafi Tsarki. Sa'an nan ya ɗibiya hannuwansa a kan ɗayan, ya hurta laifofin jama'a, a kore shi jeji. Amma baɗi sai an sāke. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 10 ta bayyana dalili: jinin dabba ba ya kawar da zunubi. Hadayar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce ta biya, sau ɗaya, ba sākewa.

Mu lura, ba mu ne muka kawo hadayar don mu lallashi Allah ba. Shi da muke riƙe da bashinsa, shi ya ba da Ɗansa, tun ba mu tuba ba. Ƙauna ke nan.

Saboda haka kada mu ɓata littafin ƙungiya da sunan tausayi, don kuɗin jama'a amana ne. Kada kuma mu ƙwace gonar ɗan'uwa saboda damina ɗaya. A ƙara masa lokaci. Masu rumbu cike su auna tiya tiya su cike gurbin. Wanda aka biya masa babban bashi, bai kamata ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙarami ba.